Gurbin Hannunki a Bangon Zaure

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda nake durƙusawa in yi miki a ƙofar ɗakinki kafin in hau keken ɗinki, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki ya yalwata, haske ya cika shi. Mu nan lafiya, sai godiya. Baffa Sale yana nan da faɗansa. Yaya Auwalu da iyalinsa kalau, mai sunanki har ta fara gudu a tsakar gida.

Na san takarda ba ta isa inda kike, addu'a ce kaɗai take isa. Amma akwai labarin da ya cika mini ciki, kuma duk wanda na fara ba shi sai in ji ba shi ne ya kamata ya fara ji ba. Ke ce. Don haka zan rubuta shi a wayar nan, da ɗan karatun da kika tilasta mini na yi kafin in gudu wurin ɗinki. Duk wanda ya leƙo ya karanta, ya yi haƙuri da rubutun tela, ya kuma sa ki a addu'a.

Maganar zauren gidanmu ce.

Kin san shi fiye da ni. Ke kika ba ni labarin cewa kakan Baba ne ya gina shi tun Fagge tana masaukin ayari, Buzaye suna sauke gishiri da kanwa a ƙofarsa, raƙuma suna durƙushe inda 'yan adaidaita suke layi yanzu. A cikinsa na kafa kekena tun da Baba ya rasu. Kullum ina ƙarƙashin rufinsa, amma ban taɓa ɗaga kai na dube shi da gaske ba. Tela ƙasa yake kallo.

Kin tuna shekarar da kika je Makka, ina ƙarami. Baba ya rasa abin da zai tarbe ki da shi, sai ya kira masu siminti suka shafe zauren ciki da waje, aka yi masa koren fenti. Duk layin aka zo kallo. Kin sha gaya mana da dariya cewa da aka sauke ki daga mota har kin wuce gidan, ba ki gane shi ba. Maƙwabta suka yi ta koyi da Baba. A wancan lokaci, wanda ya rufe ginin ƙasarsa da siminti shi ne ya san darajar gidansa.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Ƙofar zaure ta ciki, wadda ake bi a sauka tsakar gida, kin san bakinta da tudu. Tun da gwiwa ta fara damunki, ba kya hawa ba kya sauka sai kin dafa bango da hannun dama. Nan kike tsayawa in kin kawo mini abinci, kwano a hagu, dama a bango, ki ce, "Auta, ci tun da zafi, ɗinki ba ya gudu." Hannunki kuwa kullum da maiƙon ƙuli-ƙuli. A hankali fentin wurin ya goge, simintin ya yi baƙi, ya yi santsi yana sheƙi kamar bayan tsohuwar ƙwarya.

Da muka kai ki, an raba kayanki, Yaya ya shiga ɗakinki da iyalinsa. Wannan wurin kaɗai ne ba wanda ya san da shi balle a raba. Ban taɓa wucewa ban ɗora hannuna a kai ba.

To, bayan tafiyarki zaure ya fara nuna gajiya. Siminti ya riƙa kumbura kamar ƙurji, ƙasa tana zubowa ta ƙarƙashinsa kamar gari. Da daminar bara katangar wani gida a layinmu ta zube, Allah ya sa ba kowa a gindinta. Sai Baffa Sale ya tara mu ya ce shi ba zai jira rufi ya faɗo wa ɗan wani ba, kafin ruwan bana ya kankama za a rushe zauren a jera shagunan bulo. Ban iya musa masa ba, Inna. Gaskiya ya faɗa, kuma shi ne babba.

Ana cikin haka wani saurayi ya kawo mini shadda in yi masa kaftani na bikin abokinsa. Obinna sunansa, Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ina auna wuyansa yana ɗaga kai, in mayar da kan ƙasa ya sake ɗagawa. Har na ce masa in yana so wuyan riga ya zauna, nasa wuyan ya fara zama. Sai ya ce, "Oga tela, ka san abin da kake zaune a ƙarƙashinsa kuwa?"

Ashe ɗalibi ne a jami'a, yana karatun zanen gine-gine. Bai daɗe ba ya dawo da malamarsu.

Dakta Rifkatu ake ce mata, Kirista ce 'yar wajen Zariya, gajeruwa, da furfura a gaban kai da takalmin roba a ƙafa. Darasinta shi ne yadda ake jinyar tsofaffin gine-gine. Ni ban san ana koyar da wannan ba. Na ɗauka makaranta sabon abu kawai take koya wa mutum.

Da kin ga yadda ta durƙusa ta gai da Baffa, da kin ce wannan ta sha tarbiyya. Ta roƙe shi ya ba ta aron zauren ita da ɗalibanta, su koyi aiki a kansa, zauren kuma ya samu lafiya. Baffa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ku yi wasanku. Amma in ruwa mai ƙarfi ya sauka bangon nan yana buɗe, ni kuma masu diga zan kira." A kan haka aka tsaya.

Ranar da ɗaliban suka zo na janye kekena gefe, ina jiran in ji guduma. Ba su taɓa komai ba. Shimfiɗa tabarmi ta sa aka yi, ta ce kowa ya kwanta rigingine ya dubi sama, kada wanda ya yi magana. Ta ce, "Tsohon gini kamar dattijo ne. Ba a fara masa magani sai an gaishe shi an ji ta bakinsa." Da ta ga ina tsaye ina kallonsu, ta nuna mini gefen tabarma.

Na kwanta, Inna. Ni da na girma a zauren nan, ranar na fara ganinsa.

Daga kowane bango wani lanƙwasasshen ginshiƙi ya taso, shi suke kira bakan gizo, suka miƙe suka haɗu a tsakiyar sama kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Tsakaninsu azara ce, itacen giginya, an jera ta sara-sara kamar saƙar tabarma. Babu ƙusa ko ɗaya. Babu ƙarfe. Ƙasa ce da itace suka jingina da juna, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa, tun kafin a haifi wanda ya haifi Baba. Na tuna raƙuman da kike faɗa, na ce ashe rufin nan ya ji kukansu.

Daidai inda ginshiƙan suka haɗu a sama akwai wani baƙin abu da na ɗauka hayaƙin fitila ne ya taru. Wata ɗaliba mai suna Zulaihat, mai baki kamar reza, ta hau tsani ta yi ta goge shi da tsumma a hankali. Sai ga tasa ta tagulla, maginin farko ya manna ta a can. Da hantsi ya shigo ta ƙofa ya same ta, sai ta ɗauki sheƙi ta haska zauren. Na so a ce kina tsaye a wurinki kin gani.

Bayan nan suka shiga awo da zane. Kowace tsaga sai sun zana ta, kamar mai ɗaukar kamannin mutum. Suka bi tsofaffin layi gida-gida suna tambaya yadda zauren yake a da. Sannan suka fara ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, kunne a manne, kamar mai zaɓen kankana. Inda ya amsa da nauyi su wuce. Inda ya yi ƙara kamar ganga su kewaye shi da alli, alamar siminti ya rabu da ƙasa, sai an cire.

A nan Dakta ta yi musu bayanin da ya zauna mini. Ta ce ginin ƙasa numfashi yake yi: ya sha danshi da damina, ya fitar da rani. Siminti ya toshe masa hanci. Ruwan da ya sulale ta tsaga ba ya samun hanyar fita, sai ya kwanta a ciki ya ruɓar da tubali. Ni kuwa na gane, domin na sha ganin tsohuwar rigar saƙi da aka yi wa faci da sabon yadi mai tauri. Facin yana nan garau, rigar ce take yagewa a gefensa.

Wani ɗalibi ya yi tsaki, ya ce wane ne ma ya yi wannan aika-aika. Kafin in buɗe baki ta riga ni. Ta ce, "Wanda ya shafa wannan ba mugunta ya yi ba, so ne. Ku koyi gyara kuskure ba tare da kun zagi mai shi ba." Ba ta san labarin Makka ba a lokacin. Na juya na yi kamar ina neman almakashi.

Ta kawo wani tsohon magini daga cikin birni, Malam Tanko, shi ya nuna musu yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana ta sake kwana har ta nuna. Ita ce ta fara cire takalmi ta shiga. Sai ga 'yan jami'a wando a naɗe, laka har ƙauri. Ɗanlami mai shayi ya leƙo ya ce, "Iyayenku sun kai ku jami'a don ku fita daga laka, ga shi jami'a ta dawo da ku cikinta." Zulaihat ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai ma ruwa da ganye kake kwaɓawa, ba wanda ya ce maka komai." Tun ranar kyauta yake aiko musu da shayi.

Shi kuma Malam Tanko ya ƙwallafa rai a kan wata 'yar na'urarsu da ake kangawa a bango ta faɗi yawan danshin da ke ciki. Yana kiranta mai awon zazzaɓin gini. Ya ce hannunsa fata yake ji, ita kuwa har ƙashi. Da safe shi yake koya musu, da yamma ya zauna su koya masa. Ban taɓa ganin makaranta irin wannan ba.

Da suka fara ɓamɓare simintin bangon gabas, sai ga zane ya fito a jikin ƙasa, layuka masu tudu suna sarƙewa da juna kamar aikin wuyan babbar riga. Rabinsa yana nan, rabi ya bi siminti ya tafi. Obinna ya yi ta zumuɗi, ya ce zai iya ƙarasa shi, ai ya ga inda layin ya nufa. Dakta ta hana. Ta ce abin da ba su sani ba ba za su yi wa mai shi ƙarya a kansa ba, a shafe wurin sumul a bar shi, kowa ya ga inda sanin ya tsaya. Obinna ya yini yana fushi. Ni ma a raina na goyi bayansa, don tela ba ya son rabin aiki. Yanzu in na dubi wurin, shi ya fi sa ni tunanin mutumin da ya zana.

Duk wannan daɗi da nake ba ki labari, akwai abin da yake cina. Alli yana ta zagayowa, bango bayan bango, har ya iso ƙofar ciki. Ina kan keke na ji Zulaihat ta ƙwanƙwasa wurin hannunki. Ya amsa kamar ganga. Ta kewaye shi.

Da suka tashi na sa ƙyalle na goge allin. Washegari ta sake zanawa, tana mitar yaran gidan nan ba sa jin magana. Na sake gogewa. Dakta ta bari sai da ɗalibai suka fita cin abinci, sannan ta zo ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta tambaye ni wane ne yake dafa wurin. Ba ta ce me ya sa ba, Inna. Wane ne, ta ce. Sai na ji bakina ya buɗe, na gaya mata duka.

Ta nemi izinina ta faɗa wa ɗaliban. Ta zaunar da su a dakalin ƙofar gida ta ce yau darasin ba na ƙasa ba ne, ga bango, ga mai bango, su faɗi yadda za a yi. Zulaihat ta rufe baki da mayafi, ta kasa kallona. Wasu suka ce a bar wannan ɓangaren, ai shi ma ya zama tarihin gidan. Obinna ya ce a yanke shi a ɗauke ɗungurungum. Malam Tanko ya tashi ya kanga na'urar nan a ƙasan wurin, ya nuna musu. Ya ce ƙafar bakan gizo a nan ta sauka, kuma nan ya fi ko'ina jiƙewa. In wannan ƙafa ta zame, duk rufin zai durƙusa.

Dakta ta juyo gare ni ta ce ba za su taɓa ba sai na ce a taɓa. Suka ci gaba da aikin sauran bangon, suka bar mini nawa.

Na shiga tsaka mai wuya. In na hana, zauren zai tafi da wurin hannunki gaba ɗaya, ko ta ruwa ko ta digar Baffa. In na yarda, ni da bakina na ce a fasa abin da ya rage mini naki. Hadari kuwa ya fara haɗowa ta gabas da yamma, ya yi baƙi ya watse, ya sake haɗowa. Baffa in zai wuce masallaci sai ya dubi sama, ya dubi bango, ya dube ni. Gara faɗansa da wannan kallon.

Ke ce kika raba gardamar. Ina ɗinki sai matar Yaya ta wuce da mai sunanki a baya, ta ɗaure ta da majanyin nan mai ratsin shuɗi. Na tuna ranar da kika fito da zanen aurenki daga akwati kika ce in raba shi in kalmashe bakinsa a yi goyon jikoki. Na ƙi sa almakashi, ina cewa ai wannan na ajiya ne. Kika ce, "Auta, zane don rufe jiki aka saƙa shi, ba don akwati ba." Na raba shi, daga nan majanyin ya fito. Ranar da na tuna wannan kuma aka yi yayyafin farko, wani ɗan ɓarɓashin ƙasa ya faɗo daga sama ya sauka a kan farar shaddar da nake ɗinkawa.

Da safe na ce a cire. Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in yi da hannuna.

Dakta ta miƙo mini ɗan ƙaramin cizal, ƙarfen sassaƙa mai faɗin baki, da guduma, ta tsaya a gefena tana koya mini kamar ɗaya daga ɗalibanta: a kwance ake shigar da bakin, ba a tsaye ba, a bi bayan siminti, kada a soki ƙasa. Na yi bisimilla. Na yi ta lallaɓa shi yadda nake warware ɗinkin tsohuwar riga, ina fatan ya fito ɗaya kamar yadda Obinna ya ce. Bai fito ba. Yana gab da rabuwa ya tsage a hannuna, ya zube gutsu-gutsu a bakin ƙofa.

Na tsuguna ina tsincewa. Ba zan ɓoye miki ba, idona ya kawo ruwa a gaban mutane.

Zulaihat ce ta matso da buroshi mai laushi tana share ƙurar da ta rage a bango, don dai ta samu abin yi. Sai na ji ta daina. Ta kira ni da sunan da ba ta taɓa kira na da shi ba, ta ce, "Yaya, tashi ka gani."

Inna, a ƙarƙashin simintin, daidai wurin da kike dafawa, ba sama ba ba ƙasa ba, akwai kwarmi a jikin tsohuwar ƙasar. Wani gurbi ne mai santsi, baƙi wuluk, ya lotsa ciki kamar cikin ludayi. Ba guduma ce ta yi shi ba, ba ruwa ba ne. Hannu ne. Hannaye ne suka yi ta dafa wurin, shekara da shekaru, har ƙasa ta ba su hanya. Masu simintin Baba sun cike shi sun shafe, ke kuma kika ci gaba da kai hannunki inda ya saba.

Na sa tafina a ciki. Ya zauna kamar an auna.

Can Dakta ta ce wa ɗalibanta a hankali su duba da kyau, wannan ba ya cikin kowane littafi da za ta ba su. Ta aika a kira Baffa.

Ya zo da shirin faɗa, don ya ɗauka wani abu ne ya rushe. Da ya ga wurin sai ya tsaya. Ya mayar da carbi aljihu, ya ɗora hannunsa a ciki, ya daɗe bai cire ba. Sannan ya ce, "Nan Iya take dafawa." Mahaifiyarsu ke nan shi da Baba, kakarmu da ban riska ba. Ya ce ita ma a haka ta same shi. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Innarku ma ranar da aka kawo ta, kanta a lulluɓe ba ta ganin gabanta, da ta zo tudun nan laluba bango ta yi, hannunta ya faɗa ciki. Ina tsaye a nan. Iya ta ce, to, gida ya karɓe ta."

Ba ki taɓa ba ni wannan labarin ba. Ko kin manta, ko kunya ce, Allah ya sani.

Ni da nake kuka a kan na rasa wurin hannunki, ashe na saman ne na rasa. Na amarcinki yana ciki yana jirana, tare da na Iya, tare da na matan da ko sunansu ba mu sani ba.

Daga ranar Baffa bai sake maganar diga ba. Bai ce ya fasa ba, kin san shi. Kujera kawai ya sa aka fito masa da ita, ya zauna yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi, yana kiran Obinna Sarkin Maginan Sabon Gari. Suka tokare bakan gizon da itace, suka zare ruɓaɓɓun tubalan ƙasan ɗaya bayan ɗaya, suka mayar da sababbi. Hadari yana ta yi mana barazana, Malam Tanko yana cewa ƙasa ba ta san sauri ba, sai ta sha iska. Ni da ake cewa ina da haƙuri, a wurinsu na ga iyakar nawa.

Da aka zo yaɓen ƙarshe, na makuba, wanda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, Zulaihat ce ta yi gefen ƙofar. Ta bi bakin gurbin da ɗan yatsa ta kewaye shi, ko ɗigo bai shiga ba. Dakta tana bayanta tana cewa, "Ba yaro muke so mu mayar da shi ba. So muke ya ci gaba da tsufa lafiya."

Ruwan farko mai ƙarfi da la'asar ya sauka. Duk muka taru a zauren, ɗalibai da Malam Tanko da Baffa da Ɗanlami da butarsa. Indararo yana ta kwarara a waje, mu kuwa kowa kansa a sama. Ba ɗigo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, mai sanyi, irin na sabuwar randa. Baffa ya yi gyaran murya ya ce ai dama shi ya san ginin kakansa ba na wasa ba ne. Ba wanda ya yi dariya a fili.

Yanzu ɗaliban sun koma Sabon Gari, gidan kakan Obinna, wani tsohon gida mai barandar katako da gara ta fara ci. Na je na gan su. Sun shimfiɗa tabarmi suna kwance suna kallon sama, mahaifiyarsa tana tsaye a kansu tana tambaya ko aikin ke nan. Na ce mata ta yi haƙuri, Mama, gaisuwa suke yi.

Ni ma sun bar mini ciwo. In na bi ta Rijiyar Lemo ko wajen tashar jirgin ƙasa, kaina a sama yake, kuma in na ga tsohon bango da siminti sai hannuna ya kai ya ƙwanƙwasa. Da yawa suna amsawa kamar ganga. Sai in tsaya ina tunanin me yake ƙarƙashi, hannun wa aka rufe.

Gutsuren simintin nan mafi girma yana cikin durowar kekena, tare da zare da allura. Son Baba ne, da maiƙon hannunki a kai, ba zan yar ba. Amma ba shi nake dafawa ba. Da safe in zan hau tudun ƙofa, cikin gurbin nake sa hannu, in yi miki addu'a, in yi wa Iya, in yi wa sauran.

Jiya mai sunanki ta biyo ni zaure. Tudun ya fi ƙarfinta, ta yi miƙa ta kasa kaiwa inda na dafa, sai ta manna ɗan tafinta a sabon yaɓe can ƙasa, hannun duk maiƙon ƙosai, ta hau. Uwarta ta taso da tsumma za ta goge. Na ce ta bari.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya kai haske kabarinki. Ya jiƙan Baba, ya saka masa da alherin niyyarsa. Ya jiƙan Iya da wanda ya ɗora tubalin farko da duk wanda ya taɓa dafa bangon nan ya wuce. Waɗanda suka zo suka yi jinyarsa kuma, malama da ɗalibanta da tsohon magini, Allah ya yi wa hannuwansu albarka. Yadda kika laluba a lulluɓe kika sami madafa a gidan nan, Allah ya sa kin sami wadda ta fi ta a inda kike. Amin summa amin.

Ni ne ɗanki mai kewarki kullum,
Autanki, tela a zauren gida, Fagge.